Ruwan Alwala a Gindin Magarya

Gidan da muka fara zama a Doha yana unguwar Matar Ƙadim, bayan wani layi mai cike da shagunan gyaran waya da gidajen abinci. Babban gida ne irin na da, wanda aka gina don iyali ɗaya, daga baya mai shi ya sa aka yayyanka shi da allo aka zuba mu a ciki. Ni da maigidana muka sami ɗaki ɗaya da ɗan kicin a ƙasa. A sama akwai iyalai biyu 'yan Indiya, da wata ɗaliba 'yar ƙasarmu da ke karatun digiri na uku a kan ƙasar noma. Can baya, a jikin katanga, akwai ƙananan ɗakunan mazan Hausawa, direbobi da masu gadi, waɗanda iyalansu suke gida Najeriya. Babbansu wani dattijo ne direba da ya daɗe a ƙasar, kowa Baba yake ce masa, har Indiyawan.

A tsakiyar duk wannan akwai magarya.

Larabawa sidir suke ce mata. Wasu mutanenmu suka ce kurna ce, ni dai magarya na kira ta tun ranar farko kuma ban canza ba. Tsakar gidan duk an shafe ta da siminti, ita kaɗai aka bar wa ɗan fili na ƙasa wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba. Tagar ɗakinmu ita take kallo. Maigidana yakan ce ita kaɗai ce a gidan ba ta buƙatar sabunta biza.

Inna, mahaifiyata, ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu a Gumel. Duk ranar da aka aiko kiranta, ni take cewa in tsinko mata ganyen magaryar bayan ɗakinta. Ta daka shi, ta kaɗa a ruwa har ya yi kumfa, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Da ƙamshin ganyen nan a hannuna na girma. Shi ya sa ranar da na iso Doha, a gajiye, ban san kowa ba, na buɗe taga na ga wannan bishiyar, sai na ji kamar wani daga gida ya riga ni zuwa.

Da annobar korona ta zo aka rufe masallatai, sai tsakar gidanmu ta canza. A da mazan baya a wurin aiki ko a masallaci suke alwala. Yanzu ga su a gida, banɗaki ɗaya gare su, ba ya isa idan lokacin salla ya yi. Sai suka yi abin da kowane Bahaushe zai yi: kowa ya ɗauko butarsa ya tsuguna a gindin bishiya. Ai haka muka taso muka gani. A gida, ƙofar kowane masallaci akwai bishiyar da ruwan alwala ya raine ta, rairayi yana shanye ruwan kafin ka gama wanke ƙafa ta biyu. Sau biyar a rana suke kewaye magaryar nan. Ko bayan an buɗe masallatai wuraren alwalarsu sun daɗe a kulle, saboda haka al'adar ta zauna daram.

Baba kuma ya ƙara da nasa alherin. Ya ga ruwan da esi, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigarwa yana bin siminti a banza, ya samo tiyo ya haɗa na ɗakunan baya duka, ya kai bakinsa gindin magaryar. Wanda ya san zafin Doha ya san esi ba ya hutawa. Dare da rana ruwa yana zuba.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ruwan wankin shinkafata can nake kaiwa. A kwanakin nan da muke wanke ko ledar burodi da ruwan bilic, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, saboda tsoron annobar, wannan ruwan ma can ya tafi sau da dama. Ina zubawa ina jin sadaka nake yi.

A cikin zafin shekarar farko ta annobar Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ba jirgi, ba hanyar zuwa. Ƙanwata ce ta gaya mini a waya cewa da ganyen magaryar bayan ɗakinta aka wanke ta. Ba a taro a lokacin, babu wadda ta iya zuwa ta zauna da ni. Da la'asar nake shimfiɗa tabarma a inuwar magaryar Doha, da takunkumi a fuskata, ina amsa gaisuwar ta'aziyya ta waya. Wurin zaman makokina ke nan. Na faɗi wannan ne don a gane dalilin da ya sa abin da ya biyo baya ya tsaya mini a rai, ko da yake mutane da yawa sun ce mini bishiya ce kawai.

A shekara ta biyu ta fara canzawa. Ganyen saman ya yi rawaya, ya riƙa zuba ba lokacin zubarsa ba. 'Ya'yan da ta ɗauka suka yanƙwane tun suna ƙanana. Kullum da safe ina share ganye, kullum sama tana ƙara bayyana ta tsakanin rassan. Na nuna wa maigidana, ya ɗaga kai ya duba ya ce wataƙila tsufa ne. Mazan baya kuwa suka yanke hukunci cewa ƙishirwa take ji. Wanda yake alwala da rabin buta ya koma juye sauran a gindinta don tausayi. Baba ya ƙaro wani tiyon daga esin Indiyawa.

Hancina ne ya fara gaya mini gaskiya. Wata safiya na sunkuya ina kwashe shara, sai na ji wani wari mai tsami yana tasowa daga ƙasar, irin na tsumman wanke-wanke da aka manta a jiƙe. Na hau sama na ƙwanƙwasa wa ɗalibar nan. Ba mu cika magana ba sai gaisuwa, kullum tana gaban kwamfuta, amma ta sauko ba musu. Ba mu da fartanya, da babban cokalin miyata na ƙarfe muka tona. Ba mu wuce kamu biyu ba cokalin ya daki farin dutse. Ruwa ya taru a ramin muna kallo, baƙi, mai yauƙi. Ta zura hannu ta jawo wata saiwa mai kaurin yatsa, ta murza, bawon ya saɓule ya bar tsakiyar.

"Anti, wannan ba ƙishirwa ba ce," in ji ta. "Nutsewa take yi. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce, dutse ne a ƙarƙashi. Duk abin da aka zuba yana nan zaune kamar a cikin baho."

Ta ce akwai wata cuta dangin funfuna da ke son ƙasa mai jiƙe, tana bin ruwa daga saiwa zuwa saiwa tana ruɓar da su. Ta ce har a ƙasashen sanyi manyan itatuwan dajinsu da suka yi ɗaruruwan shekaru irin wannan cutar tana kayar da su, kuma masana suna gwada ruwan tafarnuwa da na wasu ganyaye a kansu. Na ce mata ai Inna da jiƙon ganyen darbejiya take ceto dashen lemonta idan gindinsa ya fara baƙi.

"Ki gwada, ba zai cutar ba," ta ce. "Amma kada in yaudare ki. Babban maganin shi ne a daina ruwan nan. Sauran taimako ne."

Muna cikin haka shekarar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, wadda za a yi a ƙasar, ta shigo, aka fara fenti da gyare-gyare ko'ina a gari. Wakilin mai gidanmu ya zo zagaye. Mutum ne mai ƙamshin turare da wayoyi biyu, bai taɓa kallon fuskar wanda yake magana da shi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi magaryar, ya yi alamar yanka da hannu.

"Kalas, shi ke nan. Ta mutu. Sati mai zuwa zan turo masu zarto."

Ina jinsa ta taga. Na fito da hijabina na tsaya bayan maigidana ina ce masa da Hausa ya roƙe shi. Maigidana mutum ne da ba ya son ja-in-ja da kowa, amma ya ga idona, ya roƙa. Wakilin ya yi dariya ya ce to madam likita ce? Ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen zafi. Idan ya dawo bai ga kore ba, zarto.

Da ya tafi na ce wa maigidana saura ya je ya yi wa mazan baya magana.

"Ni zan je in ce wa dattijo kamar Baba ya daina alwala?"

"Ba alwala zai daina ba. Wuri zai canza."

"Malama, ki rufa mini asiri. Da mutanen nan nake sahu ɗaya."

Sai na je da kaina. Bayan azahar ce, Baba yana zaune a kan kujerar roba a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi, matasa biyu suna gefe suna cin abinci. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi maigidan. Na yi masa bayani a hankali, na ce ruwan ya yi wa bishiyar yawa, saiwarta tana ruɓewa, ina roƙon a koma yin alwala a bakin magudanar da ke kusa da ƙofa, a kuma janye tiyon.

Ya dakatar da carbin.

"'Yata, ruwan alwala ne zai kashe bishiya?"

"Baba, yawansa ne."

"Ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa. Ki yi istigfari, 'yata. Wannan maganar 'yan boko ce, na san daga sama kika ɗauko ta."

Ɗaya daga cikin matasan ya ce, da shinkafa a bakinsa, "Baba, a bi a hankali, kada likitar bishiya ta rubuta mana allura." Suka yi dariya.

Na dawo ɗaki. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ƙona miyar dare don ɓacin rai. Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan kwana uku. Wata baiwar Allah da ke zaune a unguwar Bin Omran, wadda muke haɗuwa da ita a wajen suna da walima, ta kira ni. Bayan doguwar gaisuwa ta ce ita dai nasiha za ta yi mini don Allah. Ta ji an ce na ce ruwan alwala najasa ne, na hana bayin Allah tsarki a gidanmu. Ta ce zaman ƙasar waje yana canza mutum, in riƙa yawaita karatu.

Ni. Ni da na yi shekara takwas ina zuwa Islamiyya, ni 'yar mai wankan gawa. Maganar da na faɗa a durƙushe, da ladabi, a kan saiwar bishiya, ita ce ta tsallaka unguwanni ta koma maganar imanina. Babu ɗaya a cikin masu yaɗa ta da ya tako ya sunkuya ya shaƙi ƙasar nan. Ya fi musu sauƙi su ce matar wane ta lalace da su ɗauki buta su matsa taku goma. Kuma a Islamiyyar nan dai aka koya mana cewa ɓarnar ruwa a alwala abin ƙi ne, amma wannan babin babu wanda ya tuna da shi.

Washegari na tono wata saiwa mai kauri, na sa a murfin roba, na kai wa Baba. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, "Baba, kai ɗan manomi ne. Don Allah ka duba mini wannan." Ya karɓa yana ɓata fuska. Ya murza ta, ta narke masa a yatsu. Ya kai hanci. Sannan ya miƙo mini murfin ya ce in gaida maigidan.

Bai ce na yi gaskiya ba, har yau bai ce ba. Amma da la'asar na ga ya ɗauki butarsa ya wuce magaryar ya tsuguna a bakin magudana. Matasan suka dubi juna suka bi shi. Da magariba tiyon ya koma cikin wani tsohon bokitin fenti.

Daga nan aiki ya koma kaina. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, nake fita. Na yaye ƙasar da ke gindin a hankali har manyan saiwoyin suka sha iska. Duk wadda ta yi baƙi na yanke ta da wuƙar kicin, ina ɗora wuƙar a kan wutar gas tsakanin yanka da yanka kamar yadda ɗalibar ta ce, don kada in kai cutar inda ba ta. Ƙasar da ta yi ɗoyi na kwashe a leda na zubar. Maigidana, da kunya ta kama shi, ya samo mini buhunan yashi mai tsabta muka cike gurbin.

Ganyen darbejiya ne ya ba ni wuya. Akwai ta a bakin titunan Doha, amma ba a taɓa bishiyar hukuma a ƙasar nan, ba na so in jawo wa maigidana magana. Na yi sati ina amfani da tafarnuwa kaɗai. Sai wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da buhu cike da ɗanyen ganye. Baba yana can yana goge gilashin mota, ya ba ni baya.

"An yi wa ta gidan kafil aski," ya ce, bai juyo ba, yana nufin darbejiyar gidan ubangidansa. "Zubarwa za a yi."

Tun daga ranar, duk bayan mako biyu sai na tarar da buhu. Ban san sau nawa ake yi wa bishiyar kafil ɗin nan aski ba, ban kuma tambaya ba.

Yadda nake yi shi ne, in daka ganyen a ɗan turmina kaɗan-kaɗan, in haɗa da tafarnuwa dunƙule biyar da na ɓare na daka, in zuba a bokiti in rufe da ruwa ya kwana uku. In tace da tsohon ɗankwali. Ruwan yakan fito kore mai duhu, ɗacinsa har a maƙogwaro kake jinsa tun kafin ka taɓa. In sirka shi, in bi saiwoyin da shi da kofi, ba da yawa ba, daidai yadda za su jiƙa. Tuƙar kuma in shanya ta bushe in barbaɗa a sama. Sau ɗaya a mako, ranar Alhamis. Ban da wannan ko ɗigo ba na bari ya sauka a wurin.

Warin kuwa ba a magana. Matan Indiyawan suka riƙa rufe tagoginsu ranar Alhamis, ɗaya ta tambaye ni da hannu ko wani abu ne ya mutu. Matasan baya suka sa wa bokitin suna miyar likita. Hannuna ya yi wata shida yana warin tafarnuwa, ko na wanke da lemon tsami. Maigidana ya ce ko sauro ya daina shigowa ɗakinmu don girmamawa.

Zafin shekarar ya zo da ƙarfinsa. Magaryar ta ƙarasa zubar da ɗan ganyen da ya rage, ta tsaya tsirara. Nan ne na fi shan wuya, domin kowa yana ganin bishiyar da aka hana ruwa a tsakiyar zafin Doha, kuma kowa ya san wadda ta hana. Wani a cikin matasan ya ce a gabana, wai da can tana rashin lafiya ne, yanzu an ƙarasa ta. Sau biyu na kama kaina da bokitin ruwa a hannu zan je in zuba. Ɗalibar ce take ƙarfafa ni. Takan sauko ta kankare bawon reshe da farce ta nuna mini.

"Kin gani, Anti? Kore ne a ciki. Ki bar ta."

Ina salla ina roƙon Allah a kan bishiya, ina jin kunyar roƙon, ga mutane suna ta rasa iyaye da ayyuka. Amma na roƙa.

Da zafi ya fara sassautawa, wata safiya ina shanya sai na ga wani abu a reshen da ke gabas, ƙanana kamar kunnen ɓera, masu sheƙi. Na kira maigidana ya zo ya tabbatar mini ba idona ba ne. Cikin mako uku ɓangaren gabas duka ya rufe. Ɓangaren yamma bai dawo ba, amma rabi ya ishe ni. Har fure ta yi, ɗan mitsitsi mai launin ƙasa-ƙasa, ƙudan zuma suka zo daga inda ban sani ba. Baba ya tsaya a ƙarƙashinta da hannuwa a baya ya daɗe yana kallo.

"Albarkar alwalar da ta sha a baya ce take aiki yanzu," ya ce.

Na ce, "Haka ne, Baba." Muka yi dariya mu biyu, karo na farko.

Wakilin ya dawo kamar yadda ya ce. Ya ga kore, ya ce ma sha Allah har sau uku, ya ciro waya ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, yana kauce wa ɓangaren da ya bushe. Ya ce madam ta iya aiki. Na koma ɗaki na yi sujada.

Bayan kwana tara muka tashi muka ga takarda a manne a kowace ƙofa. Ana son gidan don baƙin ƙwallo, kowa ya nemi wuri kafin ƙarshen wata. Ɗalibar ce ta nuna mini tallan gidan a wayarta daga baya. Hoton farko magaryata ce, an rubuta a ƙasa cewa gida ne mai lambu.

Ban yi faɗa a kan tashin ba. Gidansu ne, kuma ba mu kaɗai aka tasa a garin ba a lokacin. Mu muka sami ɗaki a hawa na huɗu a unguwar Mansura, mazan baya suka watse, ɗalibar ta koma masaukin makarantarsu. Abu ɗaya na roƙa. Na sa ɗalibar ta rubuta a takarda da Turanci da Larabci, manyan baƙaƙe: kada a rufe gindin bishiyar nan da komai, kada a ba ta ruwa sai sau ɗaya a mako biyu, shi ma kaɗan. Ranar da muke loda kaya na ba maigidana ya miƙa wa wakilin hannu da hannu, ya kuma karanta masa. Na bar wa wakilin bokiti ɗaya na jiƙon da na tace.

"Ba matsala, madam. Yalla, ba matsala," ya ce, yana duba ɗaya wayar.

Aka yi ƙwallo. Ba zan ce ban ji daɗin ganin garin ba. Mun shiga jirgin ƙasa da maigidana mun ga mutane kala-kala suna waƙa da tutoci, har wasu mata suka roƙi su ɗauki hoto da ni saboda atamfata. Amma a sabon ɗakinmu taga bangon wani gini take kallo, kuma duk Alhamis sai in ji hannuna yana neman turmi.

Ana saura kwanaki a fara azumi Baba ya kira maigidana, ya ce a ba ni wayar. Bai taɓa kirana ba. Ya ce ya bi ta tsohon layinmu da mota, ya leƙa.

"'Yata, da za ki ji tawa, kada ki je."

Washegari muka je.

Baƙin sun daɗe da tafiya, ƙofa a buɗe, ma'aikata suna mayar da allunan raba ɗakuna da aka cire saboda baƙin. Tsakar gidan an shimfiɗe ta da ciyawar roba, kore shar, daga bango zuwa bango, har jikin magaryar, an yanka ta daidai gindin an manne da gam. An kewaye gindin da fararen duwatsu na ado. An nannaɗe jikinta da ƙananan fitilu, da ƙusa aka kafa wayar. Daga ƙarƙashin ciyawar wani siririn baƙin tiyo ya fito, yana haɗe da wata na'ura a jikin famfo. Muna tsaye na'urar ta yi ƙara, ruwa ya fara tafiya.

Ganye ya rage a reshe ɗaya tak.

Na durƙusa na kama bakin ciyawar na ɗaga. Ban buƙaci tonawa ba. Warin nan ne, na tsumman da aka manta.

Wakilin yana ciki, ya fito da ya ga mutane. Ya gane mu, ya yi murmushi, ya ce wallahi sun kula da ita sosai, safe da yamma na'ura tana ba ta ruwa, ba a taɓa fashi ba. Ya ce tsohuwar bishiya ce, kwananta ya ƙare. Na ce wa maigidana ya tambaye shi takardar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wace takarda.

Maigidana, mutumin da ba ya ja da kowa, ya taka ya je ya murɗe famfon ya kashe, ya tsaya a wurin yana kallon wakilin. Wakilin ya ce ba komai, ai jibi masu zarto za su zo, ana son wurin don ajiye mota.

Ban yi masa magana ba, don abin da ke bakina ba na mai shirin shiga azumi ba ne. Na ce wa maigidana ya janyo mini reshen nan. Ya miƙa hannu ya lanƙwaso shi, ƙaya tana kama masa hannun riga, na tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya na zuba a gefen hijabina. Bai fi cikin tafi biyu ba.

A Mansura na shanya shi a kan tire a cikin ɗaki, inda rana ba ta kaiwa, yadda Inna take yi don kada korensa ya tafi. Da ya bushe na daka, na tankaɗe, na zuba a kwalba mai murfi na sa a cikin akwatina tare da farin yadin da na ajiye. Na nuna wa maigidana wurin. Na ce idan ta Allah ta kasance a kaina a ƙasar nan, ya ba matan da za su wanke ni, ya ce musu a kaɗa shi a ruwa har ya yi kumfa. Ya ce in daina irin wannan maganar, amma ya duba wurin da kyau.

Mazan butoci na daɗe da yafe musu, har wanda ya kai maganata Bin Omran. Wakilin ne nake ta fama. Na sa shi a niyyar yafiya a azumin shekarar, na sake sa shi a na bayansa. Duk lokacin da na ɗauka na gama, sai in tuna an ba shi a rubuce, da harshe biyu, an kuma karanta masa.